Bayan an sauke jaka: me ya sa zama ke yi wa soja da matarsa wuya idan ya dawo daga filin daga?

Ranar da motocin bataliya suka shigo bariki daga Arewa maso Gabas babu mai tunanin wata matsala. Tun ana saura kwana biyu mata sun yi kitso da lalle, an turara ɗaki, an yanka kaji, yara sun ƙi zuwa makaranta. Ko'ina guɗa, in ban da ƙofa biyu ko uku da ke rufe, waɗanda masu su ba sa cikin motocin nan, ba kuma za su zo a na gaba ba. Satin farko duk biki ne: 'yan sannu da zuwa, rabon tsaraba, dangi daga ƙauye. Sai an yi wata ɗaya da rabi ko biyu, ƙafa ta ɗauke, sannan matar za ta sami maƙwabciyar da ta yarda da ita, ta rage murya ta ce, "Wallahi Maman Ummi, kamar ba shi ba. Gangar jikin ce kawai ta dawo." Shi kuwa yana can majalisarsu ta bayan kasuwar Mami ta bariki, yana gaya wa wanda suka yi zaman Baga tare cewa ya dawo gidansa ya zama baƙo.

Dukansu biyun gaskiya suka faɗa. Wanda ya tafi ya sauya, wadda aka bari ma ta sauya, amma kowannensu ya shekara yana riƙe da hoton ɗan'uwansa na ranar sallama, yana jiran a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Wurin da aka tsaya ɗin ne babu shi.

Tushen maganar tsawon tafiyar ne. Sojojin Birtaniya da suka yi yaƙi a Afganistan galibi wata shida suke yi a sauya su. Da wuta ta yi wuta a Iraƙi a 2007, Amurka ta tsawaita wa'adin sojojinta na ƙasa zuwa wata 15, aka yi ta kuka, ta rage shi zuwa 12 a 2008, daga baya ta mayar da shi 9. A nan gida, tun da aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, aka kuma kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a wannan shekarar, sunan aikin ya yi ta sauyawa: Zaman Lafiya, sai Lafiya Dole a 2015, sai Haɗin Kai a 2021. Amma akwai sojan da aka sauya wa aiki suna yana nan cikin raminsa bai motsa ba. A watan Agustan 2018 wasu sojoji suka yi bore a filin jirgin saman Maiduguri, suna harbi sama don ƙin yarda a tura su Marte, kukansu kuwa shi ne sun shafe shekaru a fagen fama ba a sauya su ba. Shekara uku ba tafiya ba ce, ƙaura ce. Jaririn da aka bari a goye ya shiga makaranta, yarinyar da aka bari tana wasan 'yar tsana har an fara sallama da ita.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. Malamai sukan kawo labarin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana rera baitoci na kewar mijinta da ke wurin yaƙi. Ya je ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar abin da mace za ta iya jurewa na rashin miji, sannan ya yanke wa mayaƙa wa'adi, wata huɗu a wata ruwayar, wata shida a wata. Ba a san wani abu wai shi ilimin halayyar ɗan Adam ba a lokacin, amma wa'adin da ya yanka bai yi nisa da wanda manyan rundunonin duniya suka zo suka tsaya a kai ba bayan sun sha wuya.

To, me ya faru a gidan da babu shi? Matar da aka bari da yara huɗu a ciki da falo ita ce ta koma maigida. Katin cirar kuɗi a hannunta yake. Ita ke biyan kuɗin makaranta, ita ke kwasar yaro da tsakar dare zuwa asibitin bariki, ita ke zuwa gaban hedimasta in an yi laifi, ita ke wakiltarsa a suna da ta'aziyya. Da albashi ya kasa kai ƙarshen wata ta fara ƙulla zoɓo da kunun aya, ko ta karɓi ɗinki, ta shiga adashe. A garuruwan da aka lalata turakun sadarwa sai a yi makonni ba a ji muryarsa ba, don haka maganar neman izini kafin a fita ta mutu da kanta. Ba rashin kunya ba ne, babu wanda za a tambaya ne. Ta koyi yanke shawara ita kaɗai, ta ga ta iya, ta kuma ji daɗin cewa ta iya.

Sai ga maigida ya dawo. "Wa ya ce a sayar da babur ɗin nan?" "Wa kika tambaya kika je Sabon Gari?" A ganinsa kujerarsa yake nema ya koma kai, kuma haƙƙinsa ne. A ganinta mutumin da bai san kuɗin mudun gero na bana ba ne ya zo yana binciken littafinta, maimakon ya ce an gode. A nan ne mafi yawan rigimar take, ba a wurin ciwon ƙwaƙwalwar da ake yawan ambato ba. Rigima ce ta wa ke riƙe da gida. Abin da ya fi cin ran sojan sau da yawa, ko da ba zai faɗa ba, shi ne ya tarar komai yana tafiya daidai ba tare da shi ba. Da ya tarar gida ya wargaje da ya san yana da amfani.

Kuɗi kuma ya zo ya ƙara wa wutar fetur. Alawus ɗin fagen daga yana tsayawa ne da an bar fagen, wato abin da ke shigowa yana raguwa daidai lokacin da bakin ci ya ƙaru. Ita tana zaton ya tara wani abu a can tun da babu inda zai kashe, shi yana zaton ta tara a nan tun da kati na hannunta. Dangi kuwa sun ɗauka da buhu ya dawo. In uwar miji ta ji cewa surukarta ce ke riƙe da kati shekara biyu, wannan ma wata shari'ar ce mai zaman kanta.

Sha'anin yara ya fi komai sosa zuciya. Ƙaramin zai laɓe bayan zanin uwarsa yana leƙen baƙon da ya zo ya kwace masa gado, wani ma har ya tambaya yaushe mutumin nan zai koma gidansu. Babban kuma, ɗan shekara goma sha biyar da ya saba shi ne namijin gida, shi ke kulle ƙofa, shi ake aika banki, yanzu an mayar da shi yaro rana ɗaya. Uban da ya saba da cewa in an ba da umarni an gama magana sai ya ɗauki tarbiyyar fareti ya shigo da ita falo, yaro ya yi ƙaramin laifi a sa shi tsallen kwaɗo. Uwa ta shiga tsakani, shi kuma ya ce ga wadda ta lalata masa yara. Yaro ba ya karɓar horo daga wanda bai saba da shi ba. Tsoro kawai yake ji, sai ya ƙara nisa.

Shi kansa sojan fa? Halayen da matarsa ke kuka da su a gida su ne suka dawo da shi da rai. A daji barci sama-sama ake yi, motsi kaɗan an zabura. A hanyar Damboa leda ko sabuwar ƙasa a gefen titi tana iya zama nakiya. Cunkoson kasuwa wurin da ɗan ƙunar baƙin wake ke so ne. Wanda ya shekara biyu yana rayuwa a haka ba zai sauke shi tare da jaka ba. Shi ya sa ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa, ya tashi sau uku cikin dare yana duba sakata, taya ta fashe ko yara su buga nokawut ka ga ya kwanta ƙasa ko gumi ya karyo masa. A ce ya raka iyali biki ya ƙi, a ce girman kai ne. Akwai kuma bushewar zuciya. Wanda ya ɗauki gawar abokinsa da safe ya koma bakin aiki da yamma dole ya koya wa zuciyarsa yin shiru, ita kuwa zuciya in ta yi shiru a kan baƙin ciki takan yi shiru a kan farin ciki ma. Matar tana ba shi labari da ɗoki, yana kallon bango. Haka abin yake kaiwa har shimfiɗa: wani ya ƙaurace, wani ya zo da gaggawa babu lallashi, ita kuma ta fassara ko wanne da cewa an daina son ta.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, har ya ba shi suna. In tsohon soja ya harzuƙa a kan abin da bai kai ya kawo ba sai a ce allurar soja ce ta motsa. Tun daga waɗanda suka dawo daga ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, bayan yaƙin duniya na biyu, zuwa na yaƙin basasa, zuwa na Laberiya da Saliyo, kusan kowane gari yana da irin wannan tsoho da yara ke tsokana. Babu wata allura. Abin da ya gani ne yake motsawa.

Ba kuma zai faɗa ba. Ta tambaye shi me ya faru a can, ya ce babu komai. Wani jarumta ke hana shi, wani tausayinta yake ji, wani kuwa ya gwada sau ɗaya ya ga yadda fuskarta ta sauya sai ya rufe bakinsa har abada. Shi ya sa ya fi sakewa da abokan da suka yi zaman rami tare, waɗanda ba sai an yi musu bayani ba, ita kuma tana ganin ya fifita majalisa a kanta. A bariki akwai wani nauyi da farar hula ba su sani ba: matar abokinsa da ya faɗi a gefensa tana iya zama ƙofa uku daga tasa, tana takaba. Bayan hari irin wanda aka kai wa sansanin sojoji na Metele a Borno a watan Nuwamban 2018, wanda ya tsira kullum sai ya wuce ta gaban irin waɗannan ƙofofi, marayu su gaishe shi da Baba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ita ma yaƙin ta yi. Duk wayar da ta shigo cikin dare gabanta sai ya faɗi. Bidiyo ya fito a WhatsApp, mata su taru a kan waya ɗaya suna duba fuskoki. A ga hafsa da liman sun shigo layi, kowace ta tsaya bakin ƙofa tana jiran ta ga inda za su tsaya. A watan Agustan 2014 matan sojoji a barikin Giwa na Maiduguri sun tare ƙofa, suka ƙona tayoyi, suka ce ba za a kai mazajensu Gwoza ba tare da isassun makamai ba. Irin matan da ake dawowa a tarar ke nan. Shi ana ta yi masa barka da arziki, ita ba mai ce mata sannu da haƙuri, kuma ran mutum yana ajiye irin wannan.

Sai zargi. Bariki wuri ne da bango ke da kunne, kafin mutum ya cire takalmi an riga an shafa masa wanda aka ga ya rage wa matarsa hanya. Ita ma ta ji nata: wai ya ajiye wata a Biu ko Monguno, wani lokacin kuma ba wai ba ne, an ɗaura da gaske, sai dai ta ji a bakin duniya. In dama mata biyu ya bari, ɗakin da ya fara sauka kaɗai ya isa a yi wata ana gaba. Akwai hadisin Jabir da ya zo a Buhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare, a bar mace ta kimtsa, a wani lafazin kuma aka ambaci kada ya zo yana neman kama su da laifi. Wasu ruwayoyin ma a hanyar dawowa daga yaƙi aka yi maganar. Sojan da ya ɓoye ranar zuwansa don ya ga abin da zai tarar ya riga ya shigo da rigima a aljihu.

Kada a ce ai ana ba su fas, wato izinin zuwa gida, suna zuwa. Fas na sati biyu, hanya ta cinye kwana huɗu, gaishe-gaishe su cinye biyar. Zaman baƙunta ake yi: ita ta ɓoye bashin da ke kanta don kada ya koma da damuwa, shi ya ɓoye abin da ke hana shi barci. Duk abin da aka tura gaba yana nan yana jiran dawowar gaske. (Inda matar ce sojar, don yanzu har runduna ta musamman gare su tun 2018, lissafin ya fi haka tsauri: tana sauke jaka ake miƙo mata tukunya da goyo, ba mai ba ta ko kwana uku na baƙunta.)

Yanzu ina iyakar gajiyar dawowa, ina kuma ciwo ya fara? Yawancin sojoji ba sa kamuwa da ciwo. Zabura da rashin barci sukan lafa cikin makonni. In abin ya haura wata ɗaya yana ƙaruwa, mugun mafarki kullum, abin da ya faru yana dawo masa ido biyu kamar yanzu ake yi, yana gudun duk abin da zai tuna masa, ya kasa aiki ko zama da mutane, to an shiga abin da likitoci ke kira PTSD, wato ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali, wanda likitocin Amurka suka sa a kundinsu a 1980 bayan abin da suka gani a jikin 'yan mazan jiya na Biyetnam. Wani bincike da Dakta Charles Hoge da abokan aikinsa suka fitar a 2004 ya nuna kusan ɗaya cikin shida na mayaƙan Amurka da suka dawo daga Iraƙi suna da alamun wannan ciwo ko na tsananin damuwa, kuma ko rabinsu ba su nemi magani ba, saboda tsoron a ce ragwaye ne. Wani binciken na 2007 ya fi shafar maganarmu. An duba sojoji suna dawowa, aka sake duba su bayan wata uku zuwa shida, sai aka tarar masu kuka da saɓani tsakaninsu da na kusa da su sun ninka har sau huɗu. Wato abin da matan bariki suka sani ne aka tabbatar da alƙaluma: a ranar guɗa kowa lafiyarsa ƙalau.

A wurinmu fassarar farko aljanu ne, ko sammu, ko a ce alhakin jini ne ke bin sa. Sai a yi ta ruƙiyya da hayaƙi. Ni ban ga inda addu'a ta hana ganin likita ba, kamar yadda ba ta hana mai karaya zuwa wurin ɗori. Abin da ke hana sojan zuwa asibiti tsoro ne: kada a rubuta a fayil, a karɓe bindiga, ƙarin girma ya wuce shi, 'yan'uwa su riƙa nuna shi da baki. Sai ya nemi nasa maganin, tramol ko wiwi ko kwalba, don dai barci ya zo. Daga nan kuma hannu ya fara tashi. A nan ya kamata masu cewa "yi haƙuri, kin san soja" su yi hattara da bakinsu. Haƙuri da mutumin da ke zabura cikin dare daban, zama da wanda ya fara duka ko yake ambaton kashe kansa daban. Wannan magana ce ta kwamanda da likita da waliyyai, a ranar, ba sai gobe ba.

Wadda ta fito ta faɗi abin a fili kuwa ba matar kurtu ba ce. A watan Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da masu wannan ciwo da ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda ta DEPOWA ta ɗauki nauyi a Abuja, Hajiya Aisha Buhari ta ce mijinta ya yi shekaru yana fama da shi, bayan wata 30 na yaƙin basasa ba tare da an kula da lafiyar tunaninsa ba, ga juyin mulki, ga zaman tsare, kuma ita ce ta sha ɗawainiyar tun tana 'yar shekara 19. Mutane suka mayar da maganar ta siyasa, aka bar muhimmin abin da ta faɗa: mace ce ke fara ganin ciwon, ita ke jinyarsa, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata abin da za ta gani.

Wasu ƙasashen sun gane cewa ba a ɗauko mutum daga rami a ajiye shi a falo washegari. Lokacin yaƙin Afganistan, Birtaniya takan tsayar da sojojinta da suka baro can a tsibirin Saifurus na kwana ɗaya ko ɗaya da rabi, Kanada takan yi kwana biyar, su huta, a yi musu bayanin abin da za su tarar a gida. Amurka ta mayar da dubawar nan ta biyu, bayan wata uku zuwa shida, ƙa'ida tun 2005. Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Akwai asibitin sojoji na 44 a Kaduna, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware, an kuma sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A cikin bariki akwai limamai da fastocin soja, akwai ƙungiyoyin matan hafsoshi da na ƙananan sojoji, akwai kuma magajiya, wadda duk rigimar da ta tashi a layi ita ake fara bugawa ƙofa. A ganina da za a koya wa magajiyoyi da limaman nan yadda ake bambance gajiya da ciwo, a kuma tara mata sati biyu kafin bataliya ta iso a yi musu bayani da harshen da suke ji, da an rage abin da ke kaiwa gaban alƙali, ba tare da an jira an gama wani gini a Abuja ba.

Gidajen da na ga sun tsallake wannan gaɓa ba wani sirri gare su ba. Mijin ya yarda ya yi wata guda yana kallo kafin ya fara gyara, ya tambayi yadda ake yi maimakon ya tambayi wa ya ce a yi. Matar ta riƙa miƙa masa al'amura ɗaya bayan ɗaya, yau kai yara makaranta, gobe cefanen wata, ba ta watsa masa komai lokaci guda ba, ba ta kuma ƙanƙame komai ba. An baje lissafin kuɗi a faifai tun da wuri. Ta daina matsa masa ya ba da labari, shi kuma ya iya cewa "yau ba na jin daɗi, ba ke ba ce". Ƙaramin yaro aka ƙyale shi ya matso da kansa.

Wannan duka lokaci yake ci, wata uku, wata shida, wani gidan shekara. Rundunar da ke aiki a kusan kowace jiha kuwa ba kullum take da wannan lokacin ba. Sau da yawa ana cikin haka, ƙaramin ya fara yarda ya hau cinyar ubansa, sai sunaye su fito a allo: Zamfara, ko Filato, ko a koma Borno. Ya ɗauko jakar da bai gama kwancewa ba, ya zaro katin banki ya miƙa mata, ta karɓa ta ƙulle a bakin zani.